Nike Art Gallery a Lekki: wurin kai ɗalibai ne, in malami ya shirya

Malaman makarantunmu na Agege da Idi-Araba da ke neman inda za su koya wa yara al'ada da asali ba da alli da allo kaɗai ba, wannan gidan nuna ayyukan fasaha da ke Lekki a Legas ya cancanci kuɗin motarku. Nike Davies-Okundaye, ƙwararriyar mai rini 'yar Ogidi ta Jihar Kogi, ce ta kafa shi. Bene ne mai hawa biyar, cike da zane-zane da sassaƙa da yadudduka, kuma ba a biyan kuɗin shiga.

Abin da ya fi amfanar yaron Bahaushe a nan shi ne adire, rinin Yarabawa. Ana dama garin rogo ya yi kauri kamar koko, a zana ado da shi a kan farin yadi da gashin kaza, a bari ya bushe, sannan a tsoma a shuni. Inda rogon ya rufe, shuni ba ya kamawa, sai adon ya fito fes bayan wanki. Wani kuma ɗaurewa ake yi ko ɗinkewa kafin a tsoma. Yaron da aka haifa a Legas, wanda bai taɓa leƙa marina ba, a nan zai gane cewa rawanin kakansa da zanen maƙwabciyarsu Bayarabiya 'yan gida ɗaya ne.

Sai dai hakan ba ya faruwa da kansa. Kwana guda kafin tafiya, a nuna musu bidiyon marinar Ƙofar Mata ta Kano da majigi, minti 10 ya isa: su ga karofi, wato ramukan rini, da baba, ganyen da ake yin shuni da shi, da toka, da yadda yadi ke fitowa kore-kore kafin iska ta mai da shi shuɗi. A sauke bidiyon tun a gida, don intanet kan yanke ana tsaka da darasi.

Babban kuskure shi ne a saki yara su zaga duka hawa biyar. Ayyukan suna da yawa, bango a cike yake, cikin rabin awa ido ya gaji, sai ɗaukar hoto kawai. Malami ya fara zuwa shi kaɗai, ya zaɓi ayyuka biyar, ya kuma lura da inda sassaƙa ko zanen tsiraici yake, ya sanar da iyaye tun da wuri; wannan magana ce da bai kamata a ɓoye musu ba. Kowane malami ya riƙe yara 10 zuwa 12. A gaban kowane aiki tambaya biyu: da me aka yi shi, kuma me ya yi kama da shi a gidanku?

A tuntuɓi gidan kafin ranar, a nemi izinin hoto, a ja wa yara kunne kada su taɓa komai. Daga Agege a tashi da ƙarfe shida da rabi saboda cunkoson gadar Third Mainland da hanyar Lekki, a ɗauki ruwa da tabarmar sallah, don azahar za ta iya riskarku a hanya.