Yaya, kada a kai dalolin Inna wurin maƙeri

Yaya barka da war haka, ya gida ya iyali, ya su Inna da jiki. Na ji saƙonka kan maganar dalolin azurfa da ke cikin adakarta, wai ana so a kai ma maƙeri ya narke a yi ma amarya awarwaro. Don Allah a dakata tukuna, ka ji abin da ya same ni nan Paris satin da ya wuce, har yanzu abin na cina a rai.

Ka san aikin kwasar kaya muke. Wata tsohuwa da munka kwashe ma gida za ta koma wurin ɗiyarta, ta ba ni wani kwali ta ce na mijinta ne da ya rasu, in tahi da shi. Na buɗe, kuɗin ƙarhe ne na yuro jere cikin kati an rufe da roba, kowane kati ƙwaya 8, daga santim 1 har yuro 2, da shekara rubuce a kai. Gidan buga kuɗinsu ke hiddo su musamman don masu tarawa, Monnaie de Paris, wanda ke aiki tun shekara ta 864. In ka ƙirga abin da ke cikin kati guda yuro 3,88 ne, wajen jikka biyu da rabi kenan. Ƙarƙashin kwalin kuma akwai manyan azurfa na tsohon faran na Faransa.

To ni na ga wasu sun ɗan yi duhu, sai na yi abin da muka taso muna gani a gida. Na yage robar kati huɗu, na samo lemun tsami da ɗan soso na goge su har suna ɗaukar ido, azurfar ma haka, sannan na ɗauka na nuhi layin Vivienne inda shagunan wannan sana'a suke jere.

Wallahi yaya mutumin ko sannu bai ce mini ba. Ƙofa ma sai an danna maka daga ciki kake shiga. Ya sa tabarau ya jawo fitila, ya ɗauki guda ya juya, ya aje, ya dube ni ya ce wa ya wanke su. Na ce ni ne. Ya girgiza kai gaban mutane biyu da ke tsaye bayana ya ce waɗanga ka je ka sayi burodi da su. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya miƙo mini gilashin ya ce duba, na duba, ashe soson ya bar zane-zane siraran kamar sawun tururuwa duk a fuskar kuɗin, da ido ba ka gani. Ya ce mai tarawa ba ƙarhen yake saye ba, yana sayen kuɗin da hannu bai taɓa taɓawa ba tun daga injin, da katinsa da robarsa, ranar da ka yage shi ke nan ya koma canji. Duhun da na goge ma wai shi suke so ga tsohuwar azurfa.

Amma fa in gaya maka gaskiya bai cuce ni ba, nan ne na sara masa. Sauran katunan da ban taɓa ba ya jawo littahi mai kauri ya nuna mini shekara shekara da adadin da aka buga, ya ce wanda aka buga da yawa ko kuɗin da mai shi ya saye ba ya maidawa, kuma farashin littahi daban, abin da mutane sunka biya da gaske daban, ya juyo kwamfuta ya nuna mini. Ya ba ni misali da yuro 2 na Monako na 2007 mai hoton Grace Kelly, matar sarkin ƙasar, 20.001 kaɗai aka buga, shi ya sa ake sayensa dubban yuro. Azurfar kuma ya ɗora kan sikeli gabana, faran 50 ɗin gram 30, ya buga da farashin azurfa na ranar, ya cire ribarsa ya faɗa mini nawa ya cire. Ba ciniki, ba albarka, ba ƙara mini. Sai da ya karɓi katin shaida, kuma kuɗin azurfar ba a hannu ake ba ka ba, cek ne ko banki.

Na hito ina tuna babbar kasuwa, inda kafin a yi maganar kuɗi an shimfiɗa maka tabarma an kawo ruwa an tambayi mutan gida. Na yi kewar wannan sosai a ranar. Sai dai mu ma muna da namu, dillali ya dubi tsohuwa ya ce wannan ai ƙarhe ne kawai, ya ba ta abin goro, ba sikeli ba takarda, ko kuma a cika kan yara da labarin wai akwai bature mai sayen tsohon dala miliyoyi. Kowa na rantsuwa ba mai nuna maka inda aka rubuta. Kuɗin zinari masu hoton Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, a shagon nan na Paris na fara ganinsu cikin gilashi, a Maradi ban taɓa gani ba.

Na nuna ma mai shagon hoton dalolin Inna a waya. Ya ce irin masu kan Maria Theresa ne, tsohuwar sarauniyar Ostiriya, duka 1780 aka rubuta musu ko da an buga su shekaru ɗari bayan nan, don haka kar mu sa rai da dukiya, yawancinsu kuɗin azurfarsu ne, gram 28 kowace, sai dai akwai bugu na farko-farko da sai masani ya riƙe a hannu zai gane. Waɗanda aka huda aka rataya sun rage daraja. To ka ƙirga su, ka ware masu huda daban, ka naɗe kowace cikin takarda ita kaɗai. Kada kowa ya sa musu toka ko omo. Kuɗin awarwaron zan turo ƙarshen wata in sha Allahu, ka gaya ma Inna haka.