Mai Takardun Shaida ko Mai Gogewa: Wa Ya Kamata a Ɗauka?

Malam, ka ce kamfaninku na biyan kuɗi ta waya yana neman injiniyan da zai riƙe ɓangaren baya na manhajarku, wadda ke gudana a kan sabobi da yawa a girgijen AWS (wato manyan kwamfutocin kamfanin Amazon da ake haya ta intanet), kuma mutum biyu ne suka rage. Na farko yana da takardun shaidar AWS, ya iya Kubernetes (manhajar sarrafa ayyuka a kan sabobi da yawa) da Kafka (manhajar isar da saƙonni tsakanin sassan tsari), amma bai taɓa riƙe tsarin da jama'a ke amfani da shi ba. Na biyu ya daɗe yana kula da tsarin biyan kuɗi a sabobin kamfaninsu, sai dai saninsa na girgije kaɗan ne.

Na farko zai fara aiki da wuri, domin ya san kayan aikin da farashinsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kamfanin da ke samun naira yana biyan kuɗin girgije da dala. Amma takardar AWS shekara 3 take yi kafin a sabunta ta, kuma abin da take tabbatarwa shi ne mutum ya ci jarrabawa.

Na biyu ya san yadda tsari yake lalacewa, kuma a nan ne nauyin aikin yake. Idan manhaja ta rarrabu a kan sabobi da yawa, saƙo yakan ɓace a hanya, ko ya iso sau biyu, ko wata saba ta yi shiru ba a san ko ta gama aikin ba. Daga irin wannan ne ake cire wa abokin ciniki kuɗi sau biyu, abin da duk mai tura kuɗi a Najeriya ya san ɗacinsa. Girgijen ma yakan faɗi: a ranar 28 ga Fabrairun 2017, kuskuren rubuta umarni guda ya tsayar da ma'ajiyar S3 ta Amazon a gabashin Amurka na sa'o'i, shafuka da dama suka tafi tare da ita. Wanda aka taɓa tasa da tsakar dare ya gyara irin wannan ɓarna yakan yi gini yana tunanin ranar faɗuwa.

Ni na biyu zan ɗauka, domin koyon AWS aikin watanni ne, gogewarsa kuwa sai da shekaru. Amma kada ka dogara da abin da ya rubuta a takardarsa ta neman aiki. Ka tambaye su duka biyun: idan buƙatar biya ta iso sau biyu saboda layi ya yanke, ta yaya za a tabbatar an cire kuɗin sau ɗaya? Ka saurari wanda zai ambaci ba kowace buƙata lambarta ta musamman da adana ta a rumbun bayanai. Idan na biyun ya kasa amsa wannan, to shekarunsa ba su koya masa aikin ba, sai ka koma kan na farko, ka haɗa shi da babban injiniyan da zai riƙa duba aikinsa.