Fitilar da ke kunna kanta: sharhina kan gyaran AUTO a wajen wani mai wayarin a Kano

Duk wanda ya sayi motar tokunbo a garin nan, in ya duba sandar fitila da ke gefen sitiyari, da wuya bai ga rubutun AUTO a jikinta ba. Da yawanmu ba ma waiwayarsa. Wasu sun gwada sun ga shiru, suka ce ai kayan Turawa ne, ba a yi shi don ƙasarmu ba. Ni dai an gyara min nawa a wajen wani mai wayarin a yankin Ƙofar Ruwa, na ratsa damina da hunturu da shi, kuma ga ra'ayina tun daga farko: gyaran ya ci kuɗinsa, tsarin yana da amfani ƙwarai a Kano, sai dai akwai inda yake gazawa, kuma wurin mai haɗari ne.

Motar daga Kanada ta shigo, ta kuma bi ta hannun mutane kafin ta iso gare ni. Fitilar gaba tana kamawa, amma hasken ja-ja ne marar ƙarfi, ta hagu ta fi ta dama rauni, in na murɗa zuwa AUTO kuwa babu abin da ke motsi. 'Yan majalisarmu bakinsu ɗaya: a sa ƙwai mai wat 100, ko a sa LED mai farin hasken nan da ake yayi. Mai wayarin da aka kwatanta min bai ce uffan ba sai da ya ɗauko mitar auna wuta. Wannan ne ya fara kwantar min da hankali, domin na saba ganin ana gwada wuta da guntun waya, ana tartsatsi a jikin bodi.

Ya ɗora mitar a kan batir, inji a kashe, ta nuna bolt 12 da ɗoriya. Aka tayar da mota ta haura zuwa 14, alamar altaneta mai cajin batir lafiyarta ƙalau. Sai ya zura hannu bayan fitilar hagu ya auna a bakin soket, wutar da ke isowa wurin ko 12 ba ta kai ba.

"Alhaji, ka ga inda haskenka yake zubewa," in ji shi. "Ƙwan nan ba shi da laifi, abinci ne ba ya isa gare shi."

Gaskiyarsa. Ƙwan halojin, irin wanda ke motata, ba ya jure ragin wuta ko kaɗan. In wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken yakan faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa mutum zai yi ta canja ƙwai yana zagin ɗan kasuwa, alhali matsalar tana cikin waya.

Hanyar da wutar fitila ke bi ba ta da wuyar ganewa. Daga batir take tashi, ta ratsa fis, ta shiga rile, ta isa ƙwai, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar, ta wata baƙar waya da ake ɗaurewa da noti a bodi. Ƙwan dim, wato ƙaramin hasken gaba, na irin motata, H11, wat 55 ne, yana jan wuta amfiya huɗu da rabi ko kusa da haka, biyun su haɗu su kai tara. Wannan nauyi ya fi ƙarfin siraran wayoyin da ke cikin sitiyari, shi ya sa aka yi rile: wuta kaɗan ta shiga cikinsa ta zama maganaɗisu, ta jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗe hanyar babbar wuta. Ƙarar "ƙas" da ake ji daga akwatin fis in an kunna fitila, tasa ce. A motocin baya-bayan nan sandar fitila ma ba ta taɓa rile kai tsaye. Saƙo kawai take aikawa wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai kula da fitilu da makullan ƙofa, ita kuma ta kunna. In ka murɗa zuwa AUTO, ka ce mata ke nan ta daina jiran hannunka, ta saurari idon da ke kan dashbod. Idon wani ɗan ƙullutu ne baƙi a gindin gilashin gaba, a cikinsa akwai abin da ke auna ƙarfin hasken da ke sauka daga sama. Haske ya ragu ƙasa da wani mizani, ƙwaƙwalwa ta kunna fitilar gaba da ta baya da ta lamba a tare.

Abin da ya tono a motata ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tsoro. Wani a baya ya taɓa sa manyan ƙwayaye, zafinsu ya narka soket ɗin hagu har robar ta yi baƙi ta lanƙwashe. Ƙwai mai wat 100 yana jan amfiya takwas shi kaɗai, kusan ninki biyu na abin da aka auna wa wayar. Da rilen asali ya ƙone, maimakon a sauya shi, sai aka ja sabuwar waya daga sandar fitila zuwa wani rile da aka rataye gefen batir, aka tsallake ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. To ta ina AUTO zai yi aiki? Mahaɗar wayoyin duk murɗe su aka yi da hannu aka naɗe da salatif, zafin inji ya sa salatif ɗin ya saki. A ramin da murfin akwati ya nuna fis mai lamba 15, shuɗi, sai ga kore mai 30. Launukan nan ba ado ba ne: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fis ana yin sa ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone, in aka sa wanda ya fi ƙarfin wayar, ita ce za ta ɗauki zafin, kuma daga nan gobarar mota ke farawa. Notin baƙar wayar nan ta bodi shi ma ya yi tsatsa jawur, abin da ba baƙo ba ne a motocin Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Aikinsa ya burge ni. Ya cire duk wayar da aka ƙara, ya liƙe mahaɗai da dalma, ya sauya soket, ya kankare wajen notin har ƙarfe ya fito fari, ya mayar da rile ramin da kamfani ya yi masa. Da yaron shagon ya zaro sabon ƙwai daga kwali ya riƙe shi ta gilashi, nan take ya daka masa tsawa, ya karɓa ya goge da ƙyalle mai tsabta, ya nuna masa a riƙe ta gindi. Maiƙon yatsa in ya zauna a gilashin halojin, wurin yakan fi sauran zafi, ƙwan ya mutu da wuri.

Aka gama aka murɗa AUTO da sauran rana, fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Ya leƙa ciki ya ɗaga shimfiɗar dashbod, irin mai gashi-gashin nan da muke sawa don kada rana ta fasa roba, sai ga idon a ƙarƙashinta. Da reza ya yanke ɗan zagaye a shimfiɗar, ido ya ga rana, bayan ɗan jim fitila ta mutu. Masu ajiye hula ko kwalin tishu a gindin gilashi, ku duba ko a kan idon kuke ɗorawa kafin ku ce motar ta lalace.

A kan titi, inda na fi jin daɗinsa shi ne tsakanin la'asar sakaliya da magariba. Lokacin nan ne ido ke yaudarar direba, kana ganin hanya sarai, amma mai Adaidaita Sahu da ke shirin yanko maka daga lungu ba ya ganin ka sosai. Motar takan riga ni kunnawa, kuma na gamsu ita ce mai gaskiya. Haka in hadari ya haɗo gari ya yi duhu farat ɗaya. A gadojin ƙasa irin na Kabuga da Gadon Ƙaya, in hanya a buɗe take nakan wuce ba ta kunna ba, in kuwa cunkoso ya tsayar da ni a ciki sai ta kama. Da gangan aka sa mata wannan jinkirin, don kada ta riƙa ƙyaftawa duk sanda aka bi ta inuwar bishiya ko ƙarƙashin gada. Ga kuma hutun batir: in na kashe inji na fita, fitila takan ɗan jira ta mutu da kanta.

Akwai wani tarko da AUTO ya fitar da ni daga cikinsa, wanda nake ganin mutane a ciki kullum a titin Zariya. Motocin Kanada tun ƙarshen 1989 doka ta wajabta musu fitilar rana, wadda ke kamawa a gaba da zarar mota ta tashi, Tarayyar Turai ma ta bi sahu a 2011. A motoci da yawa wannan fitilar gaba kawai take haskawa, baya duhu ne. Ga dashbod na zamani da ke haske dare da rana. Sai direba ya ga haske a gabansa, ya ga allon gudu yana walƙiya, ya ɗauka fitilarsa a kunne take, ya yi ta tafiya cikin dare babu ko ɗigon ja a bayansa. Mai tirela da ke biye da shi sai ya zo dab sannan ya gan shi. Abin yana tayar min da hankali duk sanda na gani.

Sai inda tsarin yake gazawa. Idon nan ƙarfin haske yake aunawa, ba ya auna nisan da kake iya gani. A hunturu, safiyar da hazo ya rufe gari har ba ka hango mota uku a gabanka, sama fara ce tas, haske ya ishe shi, don haka ba zai kunna komai ba. Haka in ruwa ya tsuge da rana alhali gari bai yi duhu ba. A irin wannan yanayi dole hannu ya koma kan sanda a murɗa dim da kai, don fitilar baya ta kama, kuma kada a sa ful, domin ƙurar da ke iska za ta dawo maka da hasken cikin ido. Mai wayarin bai faɗa min wannan ba, kuma ina ganin ya kamata duk wanda ya gyara wa mutum AUTO a Kano ya faɗa masa kafin ya miƙa makulli.

Batun LED kuwa, na tambaye shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, in kana so zan sa maka, amma gidan fitilar nan ba don shi aka yi ba." Na yarda da shi. Madubin da ke cikin gidan fitila an ƙera shi ne daidai da inda zaren halojin yake zaune. In aka cusa wani abu mai fitar da haske ta wani wuri daban, hasken yakan watse sama, mai shi ya ga fari fat ya ji daɗi, na gabansa kuma ya makance. Motar da ta zo da LED daga kamfani daban ce, gidanta da ƙwanta tare aka tsara su.

Abin da ban ji daɗinsa ba a wajen: motar ta wuni, tun hantsi har bayan la'asar, saboda yana aikina yana amsa kiran wasu. Babu rasit, babu wata takarda da ta nuna abin da aka sauya, sai dai ya zuba min tsofaffin kayan a leda na gani da idona. Babu kuma bangon da za a saita fitila. Wannan a gida na yi shi da daddare: mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga katanga, na juya notin saiti har saman hasken dim ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar. Kuɗin aikin da na kaya duka bai kai na cika tanki ba, ban ko yi ciniki mai tsawo ba.

Saura abu ɗaya. A irin motata ana iya rage ko ƙara saurin da idon ke kunna fitila, amma sai da kwamfutar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, shi kuma ba shi da ita. Ina so a sa ta riƙa kunnawa da wuri fiye da yanzu, don haka kafin hunturu ya sake shigowa zan nemi mai kwamfuta, in haɗa da goge gilashin fitilun da rana ta fara mayarwa rawaya.