Takardar aiki ko katanga, wanne ya fi a iyakar Meziko da Amurka?

Amurka fa ta gwada duka biyun. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, gonakinsu sun rasa ma'aikata sai suka ƙulla yarjejeniya da Meziko, shirin Bracero kenan, mutum ya shigo da takarda yayi aikin gona na 'yan watanni ya koma gida, kamar dai cin rani. Kwantiragi sama da miliyan 4 aka bayar kafin a rufe shi a 1964. Amma wallahi an ci zalin ma'aikatan, ana fesa musu maganin ƙwari na DDT a boda kamar dabbobi, ana cire kashi 10 na albashinsu wai ajiya, da yawansu basu sake ganin kuɗin ba.

Ita kuma katanga, daga 1994 zamanin Shugaba Clinton aka toshe iyakar ta wajen birnin San Diego, a 2006 Shugaba Bush ya sa hannu kan dokar ƙarin shinge. Mutane basu daina zuwa ba, hanya kawai suka canja suka faɗa hamadar Arizona, dubbai sun mutu da ƙishirwa, masu fasa-ƙwaurin mutane suka ƙara kuɗi, kuma wanda ya samu ya tsallaka sai ya ƙi komawa gida don ya san dawowa wahala ce, ƙarshe ya kira iyalinsa su zo.

Ni dai takarda na zaɓa, amma a bar ma'aikaci ya iya canja ubangida in an cuce shi, don a Bracero ɗaure shi akayi da gona ɗaya.