Hattara da masu sayar da injin tace ruwa a Legas

Naira miliyan 3 da dubu 800. Har yanzu in na faɗa sai gabana ya faɗi. Kuɗin buɗe gidan fiya wata ne a Agege, har da na filina da na sayar a gida.

Kada wani ya ce ban gwada ba. Na gwada! A gabana mai sayar da injin ya kunna shi a shagonsa can wajen Ojo, ruwa ya hau bututun mitar auna gudun ruwa da ake ganin cikinsa, ƙwallon da ke ciki ya tashi ya tsaya cak a kan 2000. Ya ce, "Alhaji, duba da idonka, lita 2000 a awa ɗaya." Na duba kuwa, har da sunkuyawa. Shekara 15 ina kasuwanci a garin nan, ban taɓa biya ban gani ba.

Yanzu wayarsa a kashe take. Kafin nan ma, da na ga injin ba ya ba da ruwan da ya faɗa, sai da ya ce wai rijiyar burtsatsena ce ba ta da ƙarfi, na sake kashe kuɗi a kan famfo.

Mai gyaran famfo ne ya tona asirin. Ya ce bututun ƙasansa a tsuke yake, sama ya fi faɗi. Ruwa na tunkuɗa ƙwallon sama, yana kuma ɗaga shi kamar ƙwarya a tafki, nauyinsa na jan shi ƙasa. Inda suka yi kunnen doki, nan yake tsayawa. Lambobin jikin bututun kuma da nauyin ƙwallon asali aka auna su. Da ya kwance mitar, sai ga ƙwallon roba, sakayau kamar murfin kwalba, an cire na ƙarfen. Ruwa kaɗan ya ishe shi ya haura.

Muka tara jarka mai lita 20. In da gaske 2000 ne, daƙiƙa 36 ta cika. Sai da ta ci 80. Lita 900 ke nan a awa, a kan miliyan 3 da dubu 800!

"Duba da idonka." Wallahi har a barci ina jin muryarsa.

Rasit da hirarmu ta WhatsApp duk suna nan, zan ɗora su da daddare. Duk mai son sayen inji, ya tafi da jarkarsa da agogo.