Kiwon ƙudan zuma ko na dodon koɗi?

Ana yawan tambayata wanne ya fi a cikin biyun nan. Wajen farawa zuma ta fi cin kuɗi: amya, rigar kariya, abin hayaƙi. Amma ita ke nemo abincinta a furanni, ruwanta ba ya saurin lalacewa, ga kaki. Wannan ne ke burge ni. Haɗarinta harbi, kuma takan yi ƙaura ta bar amya wayam.

Dodon koɗi ba ya harbi, sai dai kullum yana buƙatar danshi, inuwa, ganye da kalsiyam don ƙarfin ƙoƙonsa. Gishiri na kashe shi, ɓeraye na cinsa, girmansa kuma sai haƙuri.

Mai fili nesa da gidaje, zuma ta dace da shi. Mai ɗan lungu da wadatar ruwa da masu saye, ya kama dodon koɗi.