Kankare tsakanin haƙora: wane kayan aiki za ka fara saya?

Wani ƙanena a sana'ar likitancin haƙora, wanda bai daɗe da buɗe ɗakin aikinsa a nan Damagaram ba, ya iske ni bayan la'asar da waya a hannu, yana nuna mini hotunan kaya. Ya ce, "Yaya, kuɗina ba za su ɗauki duka ba. Da wanne zan fara?" Kayan kankare tsakanin haƙora yake nufi, aikin da mu ƴan sana'a muke kira sitirifin. Amsar da na ba shi ce na zauna na rubuta, domin ire-irensa da kuma iyayen da ke son sanin abin da za a sa a bakin ɗansu.

Idan haƙora sun cunkushe suna hawan juna, sai an nemo musu fili kafin ƙarfen da ake ɗaura musu ya jera su. Cire ƙaramin turmi guda yana ba da wajen milimita 7, sau da yawa fiye da bukata. Shi ya sa idan cunkoson bai yi tsanani ba ake gwammace a rage ɗan kaɗan daga farin ɓawon haƙora, daidai inda suke haɗuwa da juna. A haƙoran gaba ba a cika wuce milimita 0,5 a kowace mahaɗa ba, wato 0,25 daga kowane haƙori. Daga fiƙa zuwa fiƙa mahaɗa 5 ce, ka ga an samu milimita 2,5 ba tare da an cire ko ɗaya ba. Amma ɓawon nan ba farce ba ne, abin da aka kankare ya tafi ke nan. Na sha ganin ƴanmata da aka goge wa haƙori da magagari a gida don a fitar musu da wushirya, ga shi ko ruwan randa ba sa iya sha sai da runtse ido. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai.

Na ce masa ya fara da zirin hannu. Siririn ƙarfe ne mai garin lu'ulu'u a jiki, kamar sanfefa, ana zura shi tsakanin haƙora a riƙa ja gaba da baya. Akwai mai kaifi gefe ɗaya, akwai mai gefe biyu, kuma mai gefe ɗaya ya fi amfani, don yana cin haƙorin da kake so ya bar maƙwabcinsa. Shi ne mafi arha, shi ne kuma ke shiga mahaɗar da ta matse sosai inda wani abu ba ya shiga. Ba ruwansa da lantarki. Wanda ya taɓa tsayawa da yaro baki buɗe a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, kwamfuresa ta yi shiru, ya san darajar wannan. Aibinsa jinkiri ne. Yana gajiyar da yatsu, yana dakushewa da wuri, a turame kuwa sai ka yi ta ja kana ganin kamar ka ci da yawa, ka auna ka tarar ko rabi ba ka kai ba.

Faifan lu'ulu'u shi ne ya ɗauki hankalin ƙanen nawa, don a bidiyo yana aiki kamar walƙiya. Gaskiya yana da sauri, kuma a hannun gwani aikinsa na fita tsaf. Zachrisson, wani likitan haƙora na Oslo a ƙasar Norway, da irin wannan faifai ya yi aiki, kuma a 2007 ya fitar da sakamakon mutanen da ya sake dubawa fiye da shekara 10 bayan an kankare musu haƙoran gaba na ƙasa, bai sami sabon kogo a wuraren ba. Sai dai faifai wuƙa ce mai juyawa a cikin bakin mutum. A farkon aikina wata yarinya ta motsa harshe, faifan ya taɓa leɓenta na ƙasa. Ciwon ƙarami ne, ya warke cikin kwanaki, amma har yau ina tuna yadda mahaifiyarta ta miƙe tsaye tana salati. In za ka saya, sayi mai murfin kariya, kada kuma ka yi aikin ba mataimaki mai riƙe leɓe da harshe. A haƙoran da suka karkace kada ma ka gwada, zai yanke maka matakala a jikin haƙori.

Firez a kan turbin, wato ɗan ƙaramin ƙarfen yanka da ake sa wa injin haƙora mai juyawa da iska, hanya ce da likita Sheridan na Amurka ya fito da ita a 1985, musamman don turame, inda ɓawo ya fi kauri. Kusan kowa yana da turbin, saboda haka kuɗin da za ka kashe kaɗan ne. Nemi mai kai marar kaifi don kada ya sari dasashi. Yana cin ɓawo da sauri fiye da yadda ido ke gani, yana kuma kawo zafi. An san cewa ƙarin digiri 5,5 a cikin haƙori na iya lalata jijiyarsa, don haka in feshin ruwanka ba ya aiki daidai, ajiye shi.

Sai injin mai kai-komo, irin Ortho-Strips na kamfanin Intensiv. Ziri ne shi ma, amma inji ke jan shi, kuma ziraran suna zuwa daki-daki, daga mai buɗe mahaɗa har mai gogewa. Ba ya juyawa, saboda haka da wuya ya yanki leɓe. A wurina ya fi duka daɗin aiki. Matsalarsa aljihu: sai ka sayi hannun injin na musamman, ziraran kuma suna ƙarewa. Kafin ka biya, tambayi dillali ko zai riƙa kawo maka su a kai a kai, daga Yamai ne ko daga Kano, kuma cikin kwana nawa. Inji mai tsada a cikin durowa yana jiran ziri wata uku ba ya yi wa kowa amfani.

Abin da babu shi a hotunan ƙanen nawa shi ne ma'auni, kuma a nan na fi tsayawa da shi. Ƴan faranta ne na ƙarfe masu kauri daban-daban, daga 0,1 zuwa 0,5, kamar wanda bakanike ke auna bakin buji da shi. Ka kankare, ka zura, in ya shige da ɗan tsauri ka tsaya, ka rubuta a katin marar lafiya: mahaɗa kaza, milimita kaza. Bayansa sai kayan gogewa masu laushi, irin Sof-Lex, domin wurin da aka bari da kaushi shi ke tara datti, sai kuma maganin fuloraid na shafawa. Haƙori mai kogo a gefe, ko bakin da ba a wanke shi da kyau, ba a yi masa wannan aiki sai an gyara, kuma hoton cikin haƙori kafin a fara ya fi kintace.

Jerin da muka rubuta a bayan takardar magani ke nan: ma'auni, zirin hannu mai gefe ɗaya da mai gefe biyu, kayan gogewa, fuloraid, da firez biyu masu kai marar kaifi. Injin kai-komo sai masu sa ƙarfe sun yi masa yawa. Faifai kuwa na ce ya zo ranar Asabar ya gwada nawa a kan haƙoran da aka cire, waɗanda na dasa a cikin filasta, kafin ya yanke shawara.